Malam Haladu da Rijiyar da Ido Ba Ya Gani

Duk mai sammako a tashar Ƙauran Namoda ya san babur ɗin Malam Haladu Moriki. Da an idar da sallar asuba zai ɗaure tsohon akwatinsa na katako a baya, cike da wayoyi da gutsattsarin madubi da kayan cikin rediyo, ya kama hanya. Yau Shinkafi, gobe Zurmi, jibi nan Ƙaura a makarantar 'yan mata inda muke aiki tare, ni ina koyar da Larabci, shi fiziks. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, na ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Ba kowa ya san abin da ya bari saboda 'ya'yanmu ba. Ya daɗe yana koyarwa kafin ya samu hutun ƙaro karatu. Na taɓa tambayarsa abin da ya bincika a jami'a, ya yi min bayani dalla-dalla. Ya ce akwai sinadarin da ake ƙera kayan cikin rediyo da shi, ba ya sakin wuta kamar wayar tagulla, ba ya kuma tare ta kamar roba. Idan aka shimfiɗa shi siriri ƙwarai a tsakanin wasu sinadarai, ƙwayoyin lantarkin da ke ciki sai su maƙale, masana na kiran wurin rijiya. In aka haska su kaɗan, motsinsu na bin gwargwadon hasken. In hasken ya tsananta kuwa, sai lissafin ya sauya, ka ninka haske amma motsin ya ƙi ninkuwa yadda ka zata. Dalilin haka yake nema, kuma in yana maganar sai ka ga fuskarsa ta washe.

Ya dawo da digiri na biyu daidai lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, malamai 'yan asalin Sakkwato suka koma gida. Da aka ƙaddamar da Shari'a kuma, wasu abokan aikinmu 'yan kudu suka tsorata da jita-jita suka tafi, duk da roƙon da muka yi musu. Makarantu uku suka wayi gari babu malamin fiziks sai shi. Ana cikin haka farfesansa ya aiko cewa an samo masa gurbin ci gaba da binciken a ƙasar waje, inda ake da na'urorin da bai taɓa gani ba sai a hoto.

Ina ofis ranar da ya tambayi shugabar makarantarmu, "Hajiya, in na tahi, mi za a yi da 'yan ajin ƙarshe?"

Ta ce, "Sai a fid da su daga ajin kimiyya, Malam. Ba mu da wata dabara."

Yaran nan kuwa rabinsu aikin asibiti suke so, kuma ba a ɗaukar wanda bai ci fiziks ba. Da ya koma gida, maiɗakinsa Lubabatu ta ce masa, "Malam, wagga dama ba ta dawowa." Ya ce, "Na sani. Su ma tasu ba ta dawowa." Bai tafi ba. Ya raba makonsa gida uku, ya sayi babur.

Wata rana wani mai haƙar rijiya, Nasidi, ya shigo makaranta ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, ɗiyata Muhsina ta ce kana koya musu rijiyad da ba a gani. In tatsuniya kuka yi, in maishe ta gida ta kama ma uwatta aiki."

Malam Haladu bai ji haushi ba. Ya zaunar da shi a inuwa, ya fito da ɗan faifan da ke maida hasken rana wuta, ya haɗa shi da ma'auni mai allura. Ya sa aka kira Muhsina, ya miƙa mata madubi ya ce ta nuna wa babanta. Ta haska faifan, allura ta motsa. Ta yi ta ƙara madubai, allura na hawa, can sai hawan ya ragu ko da an ƙara haske. Yarinyar ta bayyana dalili. Nasidi ya daɗe yana kallon 'yarsa, ba allurar ba. Sannan ya miƙe ya ce, "A bar ta nan." Yau Muhsina ce ke karɓar haihuwa a wani asibiti a Shinkafi.

Malam Haladu, kai ne ka ajiye abin da ranka ya fi so ba tare da ka yi wa kowa gori ba. Kai ne damina ta sha tare ka a bakin gulbi, ka bar babur ka tsallaka da akwati a ka. Na san har yau binciken nan yana ranka. Mun gode, uban ɗalibai. Allah ya saka maka da abin da ya fi wanda ka bari.

Ku kuma 'ya'yan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da kuka yi karatun kimiyya, ku waiwayo gida, ko da aji guda ne. Da muka je wa Malam Haladu da maganar shirya walimar ban kwana, muka tambaye shi abin da yake so a yi masa, bai ambaci komai nasa ba. Cewa ya yi, "Ku dai samo min wanda zai shiga ajin Zurmi ran Litinin."