Wanda Ya Taka Mini Birki

Shekarun baya, lokacin muna haya a Dutse Uku, cikin garin Jos, ina da wata tsohuwar jif mai ja da tayoyi huɗu. A hannu na saye ta, kuma tun da ta shigo gidan ban yarda ta kwana a gareji ba. Ni ba bakanike ba ne, karatuna ma bai yi nisa ba, amma ina da ƙa'ida: abin da aka kwance a jere, a jere ake mayar da shi. Duk Asabar sai in shimfiɗa buhu a ƙarƙashin rumfar kwano da ke tsakar gida, in jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba, in duba baƙin mai, sannan ruwa, sannan giris, sannan birki. Matata takan ce da ina kula da ciwon bayana kamar yadda nake kula da motar nan, da tuni na warke.

A wata damina ƙanwata ta haihu a Akwanga, suna ya faɗo ranar Litinin. Muka tsayar ranar Lahadi za mu tafi, ni da matata da mahaifiyata. Mahaifiyata ta ce mu je tasha mu shiga motar haya. Na ce ba za a yi haka ba ina da mota a gida. Ta ce, "Tsohuwar nan ce za ta sauka da mu Hawan Kibo?" Na ce ita ce, kuma ni zan tsaya mata. Wanda ya san wannan gangaren ya san ba injin ake tambaya a wurin ba, birki ake tambaya. Birkin nawa kuwa ya ɗan yi laushi a makon, alamar iska ta shiga cikin mansa. Don haka na ware Asabar ɗin domin fitar da iskar.

Aikin nan mutum ɗaya ba ya yin sa. Wani zai zauna a kujerar direba, wani ya kwanta a ƙasa. A bayan kowace taya akwai ɗan ƙaramin noti. Na ƙasa zai ce "taka", na sama ya tattaka birki. Ya ce "riƙe", na sama ya danne ƙafarsa kada ya ɗaga. Sai na ƙasa ya sassauta notin, mai ya feso tare da kumfa, ya ɗaure, sannan ya ce "saki". Idan na sama ya saki kafin a ɗaure, iska ta koma, aiki ya ɓaci. Kuma daga tayar da ta fi nisa da direba ake farawa, a ƙare a ta kusa da shi.

Yara sun tafi Islamiyya, matata da mahaifiyata suna ɗakin girki suna suyar cincin ɗin da za a kai gidan suna. Sai na ƙwanƙwasa wa maƙwabcina. Inyamuri ne, yana da shagon kayan mota a wajen Tina Junction, mutumin kirki, sai dai bakinsa ba ya hutawa. Ya fito da singileti da silifa, ya hau kujera yana cewa, "Oga Malam, wannan mota ya kamata a yi masa ritaya da fansho."

Na ce, "Kai dai ka taka abin da na ce."

Bayan azahar ne. Hadari ya haɗo tun safe, gari ya yi sanyi irin na Jos a watan ruwa, hazo ya rufe duwatsun da ke bayan unguwa. Na tokare tayoyi da duwatsu, na cika tulun man birki, na kwanta a kan buhu da kwalba da ɗan tiyo, na fara da tayar baya ta dama.

"Taka."

"Na taka."

"Riƙe."

"Na riƙe. Ka ji abin da ya faru da mai bulo na layin baya?"

"Ban ji ba. Riƙe."

Haka muka yi ta yi, yana amsawa yana cusa labari a tsakiya. A tayar baya ta hagu labarin mai bulo ya ɗauke masa hankali, ya saki kafin in ɗaure. Na leƙo da kai na yi masa faɗa sosai, irin faɗan da ba a yi wa mutumin da ya bar hutunsa ya zo taya ka aiki. Na ce aikin birki ba wurin hira ba ne, uwata ce za ta shiga motar nan gobe. Ya ce, "Yi haƙuri, hedimasta." Ya ja ƙofa ya rufe. Muka sake, muka gama ta lafiya.

A daidai nan ruwa ya sauko. Wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin kwano lokacin ruwan Jos ya san ƙarar. Na fito na ƙara mai a tulu, bonet a buɗe ya kare ni daga gilashin gaba, ban dubi kujera ba. Na ja buhuna zuwa tayar gaba ta dama na kwanta.

Na ɗaga murya na ce, "Taka."

Bai amsa ba. Amma na ji ƙarar ƙarfen birkin yana sauka yana tashi, ƙyat, ƙyat, ta cikin ƙasan motar. Na ce a raina fushi yake yi, kuma shirun ya fi mini. Na ce riƙe, ƙarar ta tsaya. Na sassauta noti, mai ya feso cikin kwalba da ƙarfi, kumfa na bin tiyo. Na ɗaure. Na ce saki, na ji ya saki.

Ban taɓa samun mai taya ni aikin birki irin wannan ba. Ba ya riga ni, ba ya jinkiri. Har na fara jin kunyar faɗan da na yi, ina tunanin in an gama zan sa a ɗibar masa cincin. Na koma tayar ƙarshe, wadda ke ƙarƙashin kujerar direba, da jan ciki na bi ta ƙasa saboda feshin ruwa. Nan ma haka. Abu ɗaya na lura da shi, ban kuma ba shi muhimmanci ba sai daga baya: maƙwabcina mutum ne mai jiki, ko gyara zama ya yi sai motar ta motsa. A wannan karon motar ba ta motsa ba ko kaɗan.

Da mai ya fito fes babu kumfa, na ɗaure notin ƙarshe. Saura gwaji. Na ce, "To, yanzu taka da duk ƙarfinka, ka riƙe, in duba ko akwai inda yake yoyo."

Aka taka. Na ji ƙarfen yana kuka a saman kaina, ana ƙara dannawa, ana ƙara dannawa, fiye da yadda na taɓa jin an danna birki. Sai na ji fas a bayana, wani abu mai santsi ya feso mini a wuya da kafaɗa. Na juya. Siririn bututun ƙarfe da ke kai mai zuwa tayoyin baya ne ya tsage, a wani lungu da ke bayan tankin mai, inda laka ta daskare a kansa. Tsatsa ta cinye shi ta ƙarƙashin lakar. Duk Asabar ɗin duniya ina wucewa ta wurin, ban taɓa ganin sa ba.

Na ce, "Saki, ya isa. Ka fasa bututu."

Na fito ina goge wuya. Gilasan motar duk sun yi gumi. Na buɗe ƙofar direba.

Babu kowa a kujerar. Ƙarfen birkin yana can ƙasa, ina kallo ya taso a hankali ya koma mazauninsa.

Ina tsaye riƙe da ƙofa sai ga maƙwabcina ya shigo ta ƙofar gida da leda a kansa, yana tsallake ruwa. Ya ce, "Oga Malam, yi haƙuri, matata ya kira ni, ruwa yana shiga ɗakinmu. Na faɗa maka ina zuwa, ba ka ji ba? Mu yi na gaba."

Na ce, "Yaushe ka fita?"

Ya ce, "Da ruwa ya fara. Kana zuba mai."

Na nuna masa kwalbar. Na nuna masa notukan gaba jiƙe da mai. Na nuna masa bututun. Ya durƙusa ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe ya taɓa goshi da ƙirji da kafaɗunsa. Ya ce a hankali, "Wannan mota yana da direba. Ni ba zan sake zama a kujeransa ba."

Na shiga ɗakin girki. Hannayen matata da na mahaifiyata duk fulawa, babu wadda ta leƙa waje. Na faɗa musu abin da ya faru daki-daki. Matata ta yi salati. Mahaifiyata kuwa ta ci gaba da yanka cincin, sannan ta ce, "Da bai fashe yau ba, a ina zai fashe?"

Na ce, "A gangare."

Ta ce, "To. Ka ce a taka, an taka. Ka yi alwala ka gode wa Allah, ka bar bincike."

Ban bar binciken ba gaba ɗaya. Na kira wani abokina bakanike a waya. Ya ce man birki yakan gangaro da kansa idan noti a buɗe yake, kuma ƙarar ruwa a kwano tana sa kunne ya ji abin da yake jira. Na ce na yarda, bututun fa? Bututu yana fashewa babu wanda ya danna? Sai ya ce in dai canza su duka.

Washegari maƙwabcina ya dawo daga coci ya buɗe mini shagonsa, abin da ba ya yi ranar Lahadi. Na canza bututan daga gaba har baya. Ya tsaya daga nesa yana ba da shawara, bai matso ba. Da na zo sake fitar da iskar, matata ce ta zauna a kujera, ƙofa a buɗe, na kuma sa ta amsa kowace kalma da babbar murya. Na ce wa mahaifiyata in tana so mu tafi tasha, ba zan yi musu ba. Ta ɗauki jakarta ta shiga gaba ta zauna.

Muka kama hanya har muka wuce Kuru. Da muka iso bakin gangaren, inda hanya ta fara nannaɗewa, manyan motoci na bin ta kamar masu rarrafe, ta gyara mayafinta ta ce, "To, a taka a hankali." Na waiga in amsa. Ba ni take kallo ba, ƙasan sitiyari take kallo. Muka sauka lafiya, birki na kamawa kamar sabo.

Na riƙe motar shekaru bayan haka, ban sake ji ko ganin komai ba. Ban san abin da ya faru a wannan yammacin ba, kuma ba zan yi wa kowa ƙaryar na sani ba. Ni mutum ne mai son a ce ga na farko, ga na biyu, ga dalili, amma wannan ya ƙi shiga layi. Abin da na ɗauka dai shi ne, tsarina da nake taƙama da shi bai gano bututun nan ba, kuma ba ni na tsaya wa uwata ba kamar yadda na cika baki.

Har yau ina gyaran motata a gida. Idan aikin birki ne, ƙofar direba a buɗe take zama, kuma sai na ga ƙafar mutum da idona. In na ce "taka" ba a amsa ba, ba na maimaitawa. Fitowa nake yi.