Matar da ke cikin faifan Kaka

Kafin waƙa ta fara, akwai wata 'yar ƙara da allura ke yi idan ta sauka a kan faifai, kamar an jefa albasa cikin mai a ɗakin girkin maƙwabta. Idan kai ɗan zamanin waya ne, wataƙila ba ka taɓa jin ta ba. Ni kuwa da ita na tashi. Duk lokacin da na ji ta sai in ga kaina a gidanmu na unguwar Bagdadiyya a Jidda bayan la'asar, ina zaune a kan tabarma, kakana na wajen uwa yana sunkuye a kan garmahonsa.

Kaka yana goye aka shigo da shi ƙasar nan. Mahaifiyarsa ta taso daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji, ta yi shekaru a hanya, ta haife shi a Sudan, ta rasu a Jidda yana ɗan shekara bakwai. Ba ta bar masa hoto ba, ba ta bar masa ko zobe ba. Da ya girma ya yi aikin sauke kaya a tashar jiragen ruwa, a can ne wani baƙin Ba'amurke ma'aikacin jirgi ya sayar masa da garmaho, ya ɗora masa faifai guda kyauta. Faifan tsirara ya zo, babu bangon kwali, takardar tsakiyarsa kuma laimar teku ta cinye ta. Abin da kawai mutumin ya gaya masa shi ne ana kiran kiɗan buluz.

Jita ɗaya ce a ciki, sai muryar mace, siririya, mai rawa a ƙarshen kowane baiti. Kaka bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba. Amma idan aka kai waƙa ta biyu sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ji nan, amarya. Haka Innata take yi idan tana niƙa." Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce na fi ƙarfin tsoho.

Ni na kashe faifan nan. Ina 'yar shekara goma, a tsakiyar watannin zafi, lokacin da iskar teku ke manne wa mutum a jiki kamar jiƙaƙƙen zane. Ranar Juma'a ce, maza sun tafi masallaci. Na ɗauke shi na hau saman bene na yi tire da shi, na jera wa 'yan tsanata kofunan shayi a kai. Umma ta kira ni cin abinci, na sauko na manta. Da na koma bayan la'asar ya lanƙwashe kamar gurasar da ta daɗe a kan wuta.

Kaka bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Da ya yi hakan da ya fi mini sauƙi. Ya samo gilashin taga biyu, ya sa faifan a tsakani, ya ɗora buhun shinkafa. Kwana uku yana hawa yana dubawa. A rana ta huɗu faifan ya tsage gida biyu. Ya naɗe shi a cikin tsohon rawani, ya ce, "Ma'alesh, ya binti. Ba komai, 'yata, wani wuri akwai ɗan'uwansa."

Daga nan neman ya fara. Kowace Alhamis da safe, musamman a watannin sanyi da ake iya tsayawa a rana, mukan hau mota zuwa kasuwar gwanjo ta kudancin gari, inda ake zube kayan Turawa da sauran baƙin da suka gama aiki suka koma ƙasashensu. Warin wurin har yanzu yana hancina: tsohon kafet, man inji, kwali da ya sha laima. Idon Kaka ya fara rauni, ni kuma na fara koyon baƙaƙen Turanci a makaranta, sai muka raba aiki. Ina ciro faifan in karanta, shi ya yi ciniki. Dokarmu ɗaya ce. Idan akwai hoton baƙar mace a bango, ko sunan mace, mu saya. Idan namiji ne mu mayar. Mu dawo gida, ya goge faifan da gefen rigarsa, ya ɗora allura, ya saurara da ido rufe. Sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan ma ta iya, amma ba ita ba ce."

Haka muka cika akwati biyu da matan da ba ita ba. Kakata takan yi masa tsiya, ta ce ya tara mata a gida babu sadaki. Babban kawuna kuwa bai ga abin dariya ba, ya sha cewa tsoho irin Kaka carbi ya kamata a gani a hannunsa. Kaka ya ɗaga masa carbin da ke ɗaya hannun, ya ci gaba da sauraro.

Shekara takwas muna yi. A ciwonsa na ƙarshe ina ba shi ruwa, na ce idan ya samu sauƙi za mu koma kasuwa. Ya ce, "Halas, ya isa, amarya. Bar ta haka." Na ce masa ba zan bari ba. Ya yi murmushi.

Kuma ban bari ba. Na yi aure, na koma unguwar Waziriyya, na buɗe wurin ɗinkin abaya. Garmahon Kaka ya daina aiki tun kafin rasuwarsa, na saya wa kaina sabo. Mijina ya kai ni kasuwar gwanjo har ya gaji, daga baya da aka bar mata su tuƙa mota na riƙa kai kaina. Na yi abota da masu sayen kayan gidajen da aka tashi, suna kirana idan sun samu kwalin faifai. Da intanet ya zo na saurari mawaƙiya bayan mawaƙiya, har na san su da murya kamar 'yan unguwarmu. Na rera wa wayata waƙar don ta nemo mini, ta kawo mini abin da bai yi kama da ita ba. Mutane sun ɗauka son kiɗa ne kawai. Son kiɗan ya zo daga baya, gaskiya ne, amma ni na san abin da na bari a saman bene.

Shekaru huɗu da suka wuce Umma ta dawo wurina da zama, cikin kayanta har da tsohon garmahon. Na kai shi unguwar Bani Malik wurin wani dattijo Bahaushen Sudan mai gyaran rediyo. Bayan sati na koma, ya ce ya tashi, amma akwai magana.

"Wannan don wutar Turai aka ƙera shi, ya binti. Wutarmu ta nan ta sha bamban, shi ya sa yake gudu. Duk abin da aka ɗora masa sai ya yi sauri, murya ta ƙara tsini."

Na ce tun yaushe?

"Tun ranar da aka fara sa shi a Jidda."

Ya ɗauko faifan wani mawaƙi namiji ya ɗora a kan nasa injin, na ji namiji. Ya mayar da shi kan na Kaka. Sai da na nemi kujera na zauna. Ba waƙarmu ba ce, amma muryar ta sirance, ta ɗauki irin rawar nan da na sani. Shekara talatin da wani abu muna neman mace. Ya ce zai iya canza wani ƙaramin ƙarfe ya daidaita shi, na ce kada ya taɓa.

A mota na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Na tuna hannuna yana mayar da faifan maza cikin kwali, ɗaya bayan ɗaya, Kaka na tsaye a gefena. Washegari na kira duk masu kawo mini kaya, na ce daga yau maza nake so, mai jita shi kaɗai.

Sai da na ƙara shekara biyu. Duk abin da na sayo a kan garmahon Kaka nake gwada shi. Wata Asabar da hantsi, an yi ɗan yayyafi gari ya yi sanyi, na dawo da faifai shida daga kayan wani gida da aka tashi. Umma tana ɗakin girki tana wanke shinkafa. Na huɗu, bangonsa ya yage, hoton wani tsoho ne da hula da jita a cinya. Waƙar farko ta wuce ban ji komai ba. Ta biyu ta fara.

Ban kira kowa ba. Umma ce ta fito da kanta, ruwa na ɗiga daga hannayenta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wa ya sa waƙar Baba?"

Muka saurara har ƙarshe, muka maimaita. Sannan na yi mata bayani, na ɗora faifan a kan sabon injin don ta ji ainihin mai waƙar. Tsoho ne, muryarsa a gajiye, yana jan baiti a hankali. Ta saurara kaɗan ta yamutsa fuska.

"Cire wannan bawan Allah. Mayar mana da matar."

Yanzu Jidda ta canza. Gidanmu na Bagdadiyya babu shi, inda benen yake motoci ake ajiyewa. Faifan da muke tonowa cikin ƙura ya zama kayan gayu, samari na saye a shaguna masu sanyi, har sukan tambaye ni shawara suna ce mini khala, wato inna. 'Yata tana jin Hausa amma da Larabci take amsawa, Turancinta kuma ya fi nawa. Ta fassara mini waƙar, ta ce mutumin yana maganar jirgin ƙasa ne da ya tafi ya bar shi a tasha, babu niƙa a ciki ko kaɗan. Na ce na ji.

Tunda yanzu na san sunansa, ta nemo mini waƙar a waya, ta ce ga ta nan har abada, in huta da yawon kasuwa. Na yi mata godiya. Amma waya ba ta hawa garmahon Kaka, kuma faifan da na samu ya fara karcewa a tsakiyar waƙa ta biyu. Don haka na sake ba masu kawo mini kaya saƙo, Asabar mai zuwa ma zan fita da wuri. Gidan nan ba zai sake zama da guda ɗaya ba.