Sunan Kawu a Baƙin Allo

Yau da hantsi na gwada ƙunshin da nake harhaɗawa, wato sabon zubin manhajar da ke zana rubutu a baƙin allon kwamfuta, wadda kowa ke saukewa kyauta. Haruffan ajami suka fito a haɗe, daga dama zuwa hagu. Sai na tuna Kawu, wanda ya koya mini ajami.

Bara na kai masa kwamfutar a garin Lolo. Yana kan buzunsa, ɗakin na ƙanshin tawada da ƙaro. Na rubuta sunansa, haruffan suka fito a wargaje, kowane shi kaɗai. Ya shafa gilashin da yatsa, yadda yake taɓa allo ya ji ko tawada ta bushe.

"Mi ar raba su, ɗana? Kowane harafi riƙe ɗan'uwanai yakai. Kak ka ba mutane wanga abu hakanan."

Na riƙe ƙunshin ban sake shi ba, na ce kafin kaka zan gyara in kawo ya gani. Aka binne shi gero bai nuna ba.

Yau na sake rubuta sunan, na shafa gilashin. Allah ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da magabatansa na gari.