Ranar da Kaka ta yi wa waya Hausar rediyo

Tabarmar Kaka na fara gani, a naɗe bayan ƙyaure, da muka je Ƙofar Guga cikarta shekara da rasuwa. A kanta take zaune ranar da na je ɗaukar muryarta, don malamarmu ta ce za a koya wa manhajar AI Katsinanci. Ina miƙa waya ta tofar da goro, ta gyara lulluɓi, ta koma Hausar rediyo. Na lura, kunya ta hana ni magana. Sai da na kashe ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi kike kallo?" Wannan muryar ce ba ni da ita. Allah Ya jiƙanta.

Da na ajiye tabarmar, na samu ƙanwar Kaka a madafi, na ce, "Inna, don Allah ki yi mani faɗa irin nata, in ɗauka."