Baba Sakata da Taga ta Biyu

Duk layin babu wanda ya san takamaiman aikin Baba Sakata, shi ma kuma ya daɗe da gajiya da yin bayani. An san dai ya yi shekara talatin yana gyaran injin buga takardu a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, har tawada ta zauna daram a gefen faratansa. An kuma san ya ajiye wannan aikin. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne me dattijo mai jikoki biyar yake yi kullum a ɗakin baya, daga karin kumallo har azahar, hancinsa kamar zai taɓa gilashin kwamfuta. Da aka matsa masa da tambaya sai ya ce, "Ƙofa nake gadi." Washegari kuwa sai ga wani maƙwabci da kwaɗo mai tsatsa a hannu, wai a taimaka a duba masa. Baba ya karɓa, ya ɗiga masa mai, kwaɗon ya gyaru. Tun daga ranar sunan Sakata ya bi shi, har Mama matarsa ma da shi take kiransa idan ya ba ta haushi.

Gaskiyar maganar ita ce, akwai wani tsarin kwamfuta na kyauta da 'yan sa-kai suke haɗawa, mutane ɗaruruwa a ƙasashe daban-daban, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ido da ido ba. A cikin tsarin akwai manhajoji dubbai, kowace da mai kula da ita. Wadda ta faɗo hannun Baba ita ce wadda ake shiga kwamfuta da ita daga nesa. Kana zaune a ɗakinka za ka nuna makullinka na sirri, ka shiga na'urar da take wani gari kamar kana gabanta, ba mai iya leƙa abin da kake yi. Asibitoci suna amfani da ita, makarantu ma haka. Ita ce ƙofar da yake nufi. Ba shi ya rubuta ta ba, kuma bai taɓa cewa shi ne ba. Nasa shi ne faci. Idan masu ita na asali suka gano ɓaraka suka fitar da gyara, shi zai ɗauko, ya daidaita shi da tsarinsu, ya gwada, ya sa hannu, sannan ya tura wa jama'a. Shekara goma sha bakwai ke nan yana yi, kuma yana son aikin nan kamar ransa.

Dokarsa guda ɗaya ce, duk wanda ya zauna da shi minti goma ya ji ta. In za ka taɓa ƙofar na'urar da take nesa, ka shiga ta taga ɗaya, wato shafin da kake buɗewa a gilashin kwamfutarka, ka yi aikinka, amma kada ka kuskura ka rufe wannan tagar sai ka buɗe ta biyu ka ga sabuwar ƙofar ta karɓe ka. Wanda yake ciki yana nan ciki ko da ƙofa ta lalace. Wanda ya fita kuwa ya fita ke nan.

Ba a littafi ya koyi wannan ba. A shekararsa ta farko, cikin zumuɗi, ya gyara ƙofar na'urar gwaji ta ƙungiyarsu, ya rufe tagarsa yana murmushi, ya dawo zai shiga ƙofa ta ce ba ta san shi ba. Na'urar tana wani gari, a ɗakin ƙasa na wata makaranta. Awa goma sha ɗaya ya yi a mota, da kaji a ƙarƙashin kujerarsa, domin aikin da bai kai minti biyar ba. Tun daga nan abin ya shiga jininsa. Ko a gida ba ya rufe ƙofar ɗaki sai ya buɗe ta falo. Mama ta yi faɗa a kan ƙudaje har ta haƙura ta sayo labule.

Sai kuma 'yarsa Auta. Shekarunta talatin da uku, 'ya'yanta biyu, ita ke kula da kwamfutocin wata ma'aikatar ruwa, da mutum shida a ƙarƙashinta. A kan wata 'yar kujera ta katako a gefen teburin Baba ta girma, tana tambayar mene ne wannan, mene ne wancan. Gyare-gyaren da take turawa ƙungiyar ana karɓarsu hannu bibbiyu. Amma a wurin Baba har gobe ita ce yarinyar da ta taɓa zuba masa shayi a kan maɓallan kwamfuta tana 'yar shekara huɗu. Da abokan aikinsa suka dame shi cewa bai kamata ƙofa irin wannan ta zauna da mai gadi ɗaya ba, sai ya ba ta makullin shiga na'urar gwaji yana ɓata rai.

"Na ajiya ne," ya ce mata. "Kada ki taɓa komai."

"To, Baba," ta ce. Ta san halin mahaifinta sarai.

Matsalar ita ce idon Baba. Yanar ido ce take rufe duka biyun sannu a hankali. Ya yi ta ƙara girman rubutu har ya kai kalma biyar ke cika masa layi, amma in ka tambaye shi sai ya ce gilashin kwamfutar ne ya tsufa. Sau biyu likita yana sa ranar aiki, sau biyu Baba yana zillewa, domin an ce bayan aikin zai yi makonni bai kalli kwamfuta ba. A ƙungiyarsu kuwa, manhajar da ba ta da mai kula da ita marainiya ake kiranta, a rubuta sunanta a jerin masu neman mai riƙo. Kalmar nan tana sosa masa rai ƙwarai. Ya fi son ya zauna da hazonsa a kan ya ga an kira ƙofarsa marainiya. A karo na uku likita ya sa ranar Juma'a, Mama kuma ta ce ko a baya ne sai ta goya shi ta kai shi.

Ana haka, ranar Litinin, sai ga saƙon sirri daga masu manhajar: an gano ɓaraka babba. Ga gyaran, amma a yi shiru, ranar Alhamis da ƙarfe huɗu na yamma za a sanar da duniya. In lokacin ya yi facin Baba bai fita ba, duk na'urorin nan na asibitoci da makarantu za su tsaya da ƙofa a ɓalle, ga kuma ɓarayi sun ji labari.

Ranar Alhamis da safe Auta ta ɗauki hutu a ofis, ta zo da 'yar kwamfutarta a jaka. Ta jawo tsohuwar kujerar katakon nan, wadda yanzu da ƙyar take ɗaukarta, ta zauna a gefensa.

"Me ya kawo ki?"

"Hira na zo taya ka, Baba."

"Hira da kwamfuta a cinya?"

"Ai a gidan nan na koya."

Ya yi ƙwafa, amma a ransa ya ji daɗi. Ya ci gaba da aiki yana ba ta labarin motar kaji, wanda ta ji ya fi sau ɗari. Zuwa ƙarfe biyu ya gama ɗinke facin. Ya shiga na'urar gwaji, wadda har yanzu tana can garin nan mai nisa, ya ɗora sabuwar ƙofa, ya tayar da ita. Saura taga ta biyu. Ya kai hannu zai buɗe ta, ya matso da fuska, ya danna inda yake zaton nan ne. Sai tagar farko ta ɓace.

Ya buɗe wata da sauri, ya nuna makulli. Ƙofa ta ƙi. Ya sake, ta sake ƙi. Sabuwar ƙofa ta ƙi aiki a gwajin farko ba abin mamaki ba ne, don haka ake gwajin. Abin da ba a yi shi ne a kasance a waje lokacin da ta ƙi. Ga shi saura awa biyu, ga na'ura a nisan awa goma sha ɗaya, kuma ba zai taɓa sa hannu a kan facin da bai ga ya yi aiki ba.

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Kunya ce ta fi damunsa, fiye da tsoro. Shi da ya ishi duniya da doka guda, yau shi ne ya karya ta, kuma a gaban 'yarsa.

"Na rufe kaina a waje," ya ce, murya can ƙasa. "Auta, ban ga wurin ba. Wallahi ban gani ba."

Wannan ne karo na farko da ya faɗi haka da bakinsa. Mama, wadda ta shigo da shayi, ta tsaya cak a bakin labule.

"Baba," in ji Auta, "tawa tagar a buɗe take."

"Wace taga?"

Ta juyo masa da kwamfutarta. Bai iya karanta rubutun ba, amma ya ga ɗan farin layin nan yana ƙyaftawa, alamar mutum yana ciki.

"Tun ƙarfe tara na shiga, kafin ka fara. Ban taɓa komai ba, kamar yadda ka ce. Zama kawai na yi a ciki."

"Wa ya ce ki shiga?"

"Kai mana. Tun ina kan kujerar nan kake cewa a bar taga ɗaya a buɗe. Ka manta ranar da aka ba ni kyautar lissafi a makaranta kana cikin mota da kaji? Ina ta leƙen ƙofar zauren taro ko za ka shigo. Ni ma fa na biya wa dokar nan, Baba, ba kai kaɗai ba."

Baba ya dube ta. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda take girgiza kafaɗa, har da hawaye. Mama ta dire shayin nesa da maɓallai, ta ce, "To Sakata, sai ka matsa wa mai ido ta yi aiki."

Ya matsa. Cikin minti biyu Auta ta mayar da tsohuwar ƙofa, ya nuna makullinsa, aka karɓe shi. Daga nan suka shiga neman abin da ya hana sabuwar aiki. Ita tana karantawa da ƙarfi, shi ya jingina ya lumshe ido yana saurare. Da ta zo wani wuri sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Maimaita wannan."

Ta maimaita. Wani tsohon facinsa ne na shekara goma sha biyu da suka wuce, wanda ya yi saboda wasu tsofaffin na'urori. Shi ne ya ci karo da sabon gyaran.

"A cire shi," in ji Auta.

"A cire? Kin san wahalar da na sha a kansa?"

"Na sani. Amma na'urorin da ka yi shi dominsu sun daɗe da zama tarihi. Na duba tun watan jiya, ina jin nauyin faɗa maka ne."

Ya yi gardama ta minti biyar, don kada a ce bai yi ba, sannan ya ce ta cire. Ta cire, ta sake haɗawa, ta ɗora. Ta bar tagarta a buɗe, ta buɗe ta biyu, ƙofa ta karɓe ta. Ta gwada da makullin ƙarya, ƙofa ta kore shi. Ta bi hanyar ɓarakar da aka bayyana a saƙon sirri, ta tarar da ita a toshe. Baba ya sa ta maimaita komai sau biyu. Ƙarfe huɗu saura kwata suka gama, huɗu daidai faci ya fita.

A ƙasan kowane faci akwai layin da ake rubuta sunan mai kula da manhajar. Shekara goma sha bakwai suna ɗaya ne a wurin. Bayan sun sha shayin da ya riga ya huce, Baba ya ce ta buɗe masa wannan layin, ta kuma ƙara girman rubutun iya yadda zai yiwu. Da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, ya goge nasa ya rubuta nata. Ya aika wa ƙungiya saƙo na layi biyu: gobe za a yi masa aikin ido, kuma kada wanda ya rubuta ƙofarsa a jerin marayu, tana da mai ita.

"Baba, ai sai ka bar naka a gefen nawa," in ji Auta.

"In na warke zan riƙa turo miki gyara. Ki karɓa ko ki ƙi, ya rage naki."

"Zan ƙi wasu fa."

"Na san za ki ƙi. Halin uwarki ne."

"Ina jin ka," in ji Mama daga falo.

Tagarsa tana nan a buɗe a kan gilashi. Ya matso da fuska, ya nemo wurin rufewa, wannan karon da niyya. Ya ɗora yatsa, sai kuma ya dakata ya juyo.

"Kina ciki?"

"Ina ciki, Baba."

Ya danna, tagar ta rufe. Ya miƙe ya tambayi Mama ƙarfe nawa likitan ya ce su je gobe.