Ranar da Yayana Ya Ce Kaɗan-kaɗan

Yayana ya yi shekara goma sha huɗu kwance a ƙarƙashin taraktoci a Bawku. Ranar da maigidansa ya yaye shi aka raba goro, aka yi addu'a, aka miƙa masa sifana. Takarda kuwa, ko ta naɗe ƙosai ba a ba shi ba.

Garejinsa na Salaga yana gab da rufewa sai wani kamfanin 'yan Koriya mai gonar shinkafa kusa da Yendi ya nemi bakanike. Ni na ɗauki nauyin Turancinsa, tunda ni ce malamar makaranta, mai ilimin gidan gaba ɗaya. Na tono wani darasi a waya da aka shirya wa 'yan Koriya masu neman aiki. Bayanin duk da rubutunsu ne, Turancin kawai nake ganewa. Na ce shi ke nan, mun saci amsa, abin da suka koya ai shi za su tambaya.

Sati biyu yana haddace kwalifikeshan da esfiriyans kamar mai shirin sauka. Na koya masa ya ce shi ƙwararre ne, babu injin da ya gagare shi.

"Malama, mutum ya yabi kansa da bakinsa? Mastan da ya yaye ni yana raye fa."

"Yaya, mastan ba zai ji ba."

Ranar intabiyu na raka shi Yendi, na laɓe a bakin taga. Baƙon ɗan Koriya mai yin intabiyun ya tambaye shi ko ya iya gyaran tarakta. Yayana ya sunkuyar da kai, ya ce da Turanci, kaɗan-kaɗan dai, yana kan koyo. Sannan ya shiga ba da tarihin maigidansa, har da wanda ya koya wa maigidan. A wurinmu amsar gwani ke nan. Baƙon ya yi murmushi, ya rubuta abin da aka faɗa masa. Na ji kamar in faɗa ta tagar in shaƙe su duka biyun.

Suka ɗauki wani mai satifiket da hoto a jiki. Har yau duk sanda tarakta ta tsaya, sai mai satifiket ɗin ya bugo wa yayana, ya kara wayar a jikin inji. Yayana ya saurara, ya gaya masa abin da zai kwance.

Na ce masa ya daina ɗagawa, tunda dai kaɗan-kaɗan ya iya.

Ya ce, "Shekara sha huɗu ina tambayar Masta, bai taɓa hana ni amsa ba."