Malamin da Ya Wanke Falalu Masunci

Kullum da sassafe za ka ga Malam Jatau yana tura tsohon kekensa zuwa makaranta a Maradun, alli a aljihu. Shekara talatin da biyar yana koyar da kimiyya, watan nan ya ajiye aiki. Bai taɓa ganin teku ba, amma a bakinsa muka ji cewa can ƙasanta akwai kifayen da ba su da jakar iska a ciki, namansu kuma laushi ne da shi, shi ya sa nauyin ruwa ba ya murƙushe su. Ban daɗe a ajinsa ba na gudu, amma wannan ya zauna mini.

Bara, wani masunci, Falalu, ya fara zura ƙugiyoyinsa wurin zurfi a dam ɗin Bakolori. Giwan ruwan da yake jawowa sai su fito ido waje, tumbi ya leƙo ta baki. A kasuwar Mafara aka ce guba yake zuba wa ruwa. Mata masu suya suka daina saye, sarkin ruwa ya ce zai karɓe kwalekwalensa.

Malam ya hau keke har bakin dam. Muna wurin.

"Falalu, gaba nawa kake zura igiya?"

"Ta fi goma sha biyar, Malam."

"Sannan ka fizgo kifin kamar ɓarawon akuya? Ko kai anka yi ma haka, sai idonka ya fito."

Ya miƙa wa Yari mai nutso gorar roba, ya ce ya kife ta baki buɗe, ya nutse, sai ya kai ƙasa ya ɗaure murfin. Ta fito a kumbure tamau. Malam ya kwance murfin a gaban sarkin ruwa, ta yi fus.

"Ranka ya daɗe, iskar da ruwa ya matse ce ta saki. Haka jakar cikin kifin nan ke yi."

Taibatu mai suya ta soya guda ɗaya, Malam ya fara kai loma.

"Haɗiye in gani tukuna, Malam," in ji ta.

Ya haɗiye, ya nemi ƙari da yaji.

Malam, kai ne ka kai darasin aji bakin ruwa ranar da ake bukatarsa. Mun gode, Allah Ya ba ka hutu cikin lafiya. Masu ilimi, in kun ji ana yi wa mutum ƙazafi a kan abin da kuka sani, ku tashi ku je. Falalu yana kan kwalekwalensa har yau, kuma yanzu a hankali yake jan igiya.